Irin da ba a aunawa da tiya: yadda rake, rogo, dankali, aya da dabino ke yaɗuwa a Magariya da Dungas

Manomin hatsi yana ajiye irinsa a rumbu, ko ya rataye zangarniya a ɗaki har damana ta faɗi. Mai garka a fadamun Magariya da Dungas kuwa, yawancin irinsa ba ya shiga rumbu. Irin rake kara ne, irin rogo sanda ce, irin dankali yaɗo ne, irin aya ita kanta ayar ce, dabino na gari kuma daga ɗan da ya tsiro a gindin uwa ake samun sa. Waɗannan shuke-shuke suna haihuwa daga jikinsu, ba sai sun yi fure sun ɗaura ƙwaya ba.

Saboda wannan sauƙi, maƙwabci kan ba maƙwabcinsa dami guda na sandunan rogo, baɗi war haka wanda aka ba shi ma ya samu na bayarwa. Amma duk abin da ke jikin uwa yana bin yankan zuwa sabuwar gona, zaƙi da girma, haka ma cuta da ƙwari. Mutanen gari da yawa suna zuba kuɗinsu a garka a ƙauyukansu, kuma sau tari ribar shekara ko asararta tana yankewa ne tun ranar da aka zaɓi iri.

Yankin da ruwansa ke kusa

Gundumomin Magariya da Dungas suna kudancin jihar Damagaram, a kan iyaka da jihohin Jigawa da Katsina na Najeriya. Garin Magariya yana da nisan kimanin kilomita 90 kudu da birnin Zinder. A da Dungas tana ƙarƙashin Magariya, sai a shekarar 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta da kwamin 4: Dungas, Dogo-Dogo, Guci da Malawa. Magariya ta rage da kwamin 7, cikinsu har da Bande, Waca, Kwaya, Yekuwa da Sasumburum. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum fiye da dubu 570 a gundumar Magariya, da fiye da dubu 350 a ta Dungas. Yankin yana cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a karkarar Nijar, kuma rabon gado ya ƙanƙantar da gonaki.

Ruwan sama a nan yakan kai milimita 500 zuwa 600 a shekara mai matsakaicin ruwa, kuma cikin wata 3 zuwa 4 yake sauka. Wannan ba zai ishi rake ba, don shi yana son danshi kusan shekara cur. Abin da ya rufa asiri shi ne kwarin Korama da ƙananan kwaruruwan da ke tsakanin tuddan rairayi, inda ruwan ƙasa bai wuce ƴan mitoci ba. A irin waɗannan fadamu ake noman rake, rogo, dankali da kayan lambu, dabino da mangwaro kuma suna tsaye a gefe. Kasuwannin iyaka irin su Maigatari suna karɓar amfanin, kuma ta hanyoyin nan ne iri ke shiga yana fita tsakanin ƙasashen biyu.

Hanyoyi biyu na haihuwar tsiro

Hanya ta farko ita ce ta ƙwaya. Garin furen namiji yana sauka a kan furen mace, ƙwayar da ta fito ta ɗauko rabin halinta daga nan, rabi daga can. Shi ya sa ɗan ƙwaya ba lallai ne ya yi kama da uwarsa sak ba.

Hanya ta biyu ita ce ta ido. A kowace gaɓa ta karan rake ko sandar rogo akwai ido, wato ɗan curin ƙwayoyin halitta da ba su daina rabuwa ba, waɗanda ke iya zama reshe da ganye. Muddin kan tsiron yana girma, yana aiko da wani sinadari mai suna oksin da ke hana idanun ƙasa farkawa. Da an sare kan, ko an yanka karan gunduwa-gunduwa, sai idanun su toho, saiwa kuma ta fito daga gaɓa ko daga bakin yanka. Abincin da ke ajiye a cikin karan shi ke ciyar da sabon tsiro har ya kafu. Tsiron da ya fito ta haka kwafin uwarsa ne, babu abin da ya bambanta su a gado.

Ribar wannan hanya a fili take: an san abin da za a girba tun kafin a dasa, tsiro yana tashi da ƙarfi, kuma talaka ba ya buƙatar sayen iri kowace shekara. Amma tana da nauyinta. Kilo 10 na hatsi ko ƙasa da haka ya isa shuka hekta guda, kuma kowane kilo yakan dawo da 40 ko 50 ko fiye. Rake da rogo kuwa sau 10 kawai suke ninkawa a shekara, wato hekta ɗaya ta ba da irin hekta 10. Irin nasu yana da nauyin ɗauka, yana saurin bushewa, sannan cututtukan birus da yawa waɗanda ba sa bi ta ƙwaya suna bin yanka kai tsaye.

Rake

Asalin raken sha tsibirin Niyu Gini ne, daga can ya bi ta Indiya da ƙasashen Larabawa har ya iso Afirka, hannu zuwa hannu, kara bayan kara. Ana yanka karan gunduwa mai ido 2 ko 3, a kwantar a rami mai danshi, a rufe da ƙasa kaɗan. Cikin mako 2 zuwa 3 idanun sukan toho, kowane tsiro kuma ya yi ƴaƴa a gindi har ya zama tushe mai kara da yawa. Yakan ɗauki wata 10 zuwa 12 kafin ya nuna.

Idanun saman kara sun fi na ƙasa saurin tsirowa, domin sun fi ƙuruciya. Wannan ya zo wa ƙananan manoma daidai: saman rake ba shi da zaƙi, mai saye ba ya son sa, sai a mayar da shi iri a sayar da sauran. A manyan gonakin kamfanonin sukari, hekta guda tana cin ton 6 zuwa 10 na karan iri.

Bayan an sare rake, tushen da ya rage yana sake tohowa. Wannan gyauron yana rage wahalar dashe, amma amfaninsa yana raguwa shekara bayan shekara, cuta kuma tana taruwa a cikinsa. Biyu daga cikin cututtukan da ke bin iri sun cancanci a san su. Ta farko tana fitar da wani baƙin abu mai kama da bulala a kan tsiro, cike da baƙin gari da iska ke watsawa. An fara lura da ita a Natal ta Afirka ta Kudu a 1877. Ta biyu ba ta da alama a waje, sai dai gyauro ya riƙa tsumburewa, kuma wuƙar sara ce ke ɗaukar ta daga tushe zuwa tushe. Maganin da kamfanoni ke yi mata shi ne jiƙa karan iri cikin ruwa mai zafin digiri 50 na tsawon awa 2. Mai garka ba shi da na'urar auna wannan zafi, amma yana iya tuge tushen da ya fitar da baƙar bulala ya ƙone, ya riƙa tsabtace addarsa, ya kuma ɗebi iri daga sabon dashe maimakon tsohon gyauro.

Rogo

Rogo ɗan Kudancin Amurka ne, Turawan Fotugal suka kawo shi gaɓar Afirka a ƙarni na 16. Yau Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman sa a duniya. Rogon da ake ci ba shi da ido, idan aka binne shi ruɓewa zai yi. Sandar ce iri. Ana yanka ta santimita 20 zuwa 30, mai gaɓa 5 zuwa 7, daga tsakiyar itacen da ya ƙosa, a soka a ƙasa ido yana kallon sama. Idan aka bar mita guda tsakanin tushe da tushe, hekta tana cin yanka dubu 10.

Matsalar sandar rogo a ƙasa mai zafi irin Damagaram ita ce ajiya. Da an yanka ta gajeru, cikin ƴan kwanaki take fara bushewa. Dogayen sanduna da aka tsayar a inuwa, gindinsu a cikin ƙasa mai ɗan danshi, sukan kai makonni, in gara da awaki sun ƙyale su. Shi ya sa masu fadama ke zama rumbun irin masu tudu: rogonsu yana tsaye da ransa duk rani.

Babbar cutar rogo a Afirka ita ce wadda ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare, rawaya da kore, ya murɗe ya ƙanƙance. An fara bayyana ta a rubuce a 1894 a ƙasar da ake kira Tanzaniya yanzu. Wani ɗan farin ƙuda ne ke ɗaukar ta daga tsiro zuwa tsiro, amma sanda mai cuta ce ke kai ta gari mai nisa. A shekarun 1990 wani nau'inta mai tsanani ya durƙusar da noman rogo a Yuganda, manoma da yawa suka bar shi. Cibiyar IITA da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967, ta fitar da iri masu jure mata, irin su TMS 30572 da TME 419.

Akwai kuma labarin farin ƙwaron nan mai kama da auduga da ke manne wa kan rogo. A farkon shekarun 1970 ya shigo yankin Kwango daga Kudancin Amurka, a jikin sandunan iri, ya bazu a ƙasashen rogo na Afirka. Ba feshi ya kashe shi ba. Masana sun gano wani ɗan mitsitsin zanzaro a Faragwai mai yin ƙwai a cikinsa, aka sake shi a Najeriya a 1981, sannan a sauran ƙasashe. Hans Herren, wanda ya jagoranci aikin, ya samu Kyautar Abinci ta Duniya a 1995.

Dankali

Dankalin Hausa ya fi duk sauran saurin kamawa. Ana yanko kan yaɗo santimita 25 zuwa 30, a binne gaɓa 2 ko 3 a kunya, cikin kwanaki saiwa ta fito. Wata 3 zuwa 5 ya isa tono. Hekta guda tana cin yanka wajen dubu 33.

Dalilin da ya sa ake son kan yaɗo shi ne ƙwaron dankali, wanda tsutsarsa ke huda dankalin ta bar shi da ɗaci. Yana yin ƙwai a gindin yaɗo da jikin dankalin da ƙasa ta tsage ta bayyana. Yankan da aka ɗebo daga gindi yakan zo da ƙwan, na kai kuwa yawanci babu. Tara ƙasa a gindi don rufe tsaga yana rage ɓarnar.

A tudu, yaɗo ba ya ƙetare rani. Manomin da ba shi da fadama yakan jira ragowar dankalin da ya tsere wa tono ya toho bayan ruwan farko, sai ya makara da dashe. Cibiyar binciken dankali ta duniya, CIP, mai hedkwata a Lima ta ƙasar Feru, ta yaɗa wata dabara mai sauƙi a ƙasashe masu dogon rani, ciki har da arewacin Gana da Burkina Faso. A lokacin tono a zaɓi dankali matsakaici maras rauni, a jera shi a roba ko kwando tsakanin busasshen rairayi, a ajiye a ɗaki mai sanyi, a riƙa dubawa ana cire wanda ya ruɓe. Saura mako 6 zuwa 8 damana ta faɗi, a dasa shi a ɗan fili mai shinge a riƙa ban ruwa. Dankali 40 yana iya ba da yanka fiye da dubu. Ta hanyar raba yaɗo ne kuma aka watsa dankali mai jan ciki, mai sinadarin bitamin A, aikin da ya sa Maria Andrade, Robert Mwanga da Jan Low suka shiga cikin waɗanda suka karɓi Kyautar Abinci ta Duniya a 2016.

Aya

Aya ita kaɗai ce a wannan jeri da irinta ke shiga buhu. Abin da ake ci ba ƙwayar fure ba ce, curin abinci ne da ke fitowa a ƙarshen wasu siraran jijiyoyi a ƙarƙashin ƙasa, kuma yana da idanunsa. Busasshiyar aya tana ajiyuwa har shekara, da ta ji ruwa ta farka. Tana son ƙasa mai rairayi, tana nuna cikin wata 3 zuwa 4. Mutanen Masar na dā sun noma ta, an kuma same ta a kaburburansu.

Wajen yawan haihuwa babu kamar ta. A wani gwaji da aka buga a 1961 a jihar Minesota ta Amurka, aya guda ɗaya ta nau'in daji ta haifar da tsiro kimanin 1,900 da ƴaƴa kimanin 6,900 cikin shekara ɗaya. A can ciyawa ce da ake yaƙa. A Nijar kuwa kuɗi ce. Jihar Maraɗi, maƙwabciyar Damagaram ta yamma, ita ce cibiyar nomanta, musamman wajen Agye da Cadawa, ana fitar da ita zuwa Najeriya don kunun aya da dakuwa. Ƙasar Sifen, inda mutanen Balansiya ke yin wani farin abin sha da ita, tana sayen aya daga Nijar, Mali da Burkina Faso don cike giɓin tata.

Wahalar aya a girbi take. Akan ƙone ganyen, a tone ƙasar, a tankaɗe ta don fitar da ƴaƴan. Wannan yana barin gona tsirara da sakakkiyar ƙasa a daidai lokacin iskar hunturu, don haka gonar aya tana son taki da sauyin shuka. Kuma komai ƙwarewar mai tankaɗe, wasu ƴaƴan sukan rage su fito a cikin amfanin baɗi.

Dabino

Dabino yana da namiji da mace, macen ce kawai ke ƴaƴa. Idan aka shuka ƙwallo, kusan rabin abin da zai fito maza ne, kuma ba a gane su sai sun yi fure bayan shekaru. Matan ma kowace da halinta, wata mai nama, wata ƙwallo da fata. Da yawa daga cikin dabinon kwaruruwan kudu maso gabashin Nijar daga ƙwallo suka tashi, shi ya sa ake samun bambanci mai yawa ko a garka ɗaya.

Ɗan gindi ba shi da wannan caca. Ɗan mace mace ne, kuma ƴaƴansa irin na uwarsa ne. Dabino yana fitar da ƴaƴan gindi ne a shekarunsa na ƙuruciya, yawanci 10 zuwa 15 na farko, kuma a duk rayuwarsa da wuya su wuce 20 ko 30. Ana barin ɗan ya shekara 3 ko 4 a jikin uwa, a tara masa ƙasa ya yi saiwarsa, har ya kai nauyin kilo 10 zuwa 25, sannan a raba su da kaifaffen ƙarfe. Wanda aka cire da wuri yakan mutu. Wanda ya kama yakan fara ƴaƴa bayan shekara 3 zuwa 5. Inda ake ɗaukar furen namiji da hannu a sa wa mata, namiji ɗaya yana isar mata wajen 50, sauran filin ya zama na masu haihuwa. A Dutse ta jihar Jigawa, hukumar NIFOR ta Najeriya tana da tashar bincike a kan dabino.

Tarihin dabinon Majhul ya nuna ƙarfin ɗan gindi. A 1927, lokacin da cutar bayud ke cinye dabinon Maroko, masanin Amurka Walter Swingle ya ɗebo ƴaƴan gindi 11 daga Budenib. Aka killace su shekaru a jihar Nebada don tabbatar da lafiyarsu, 9 suka rayu. Daga su ne gonakin Majhul na Amurka da na wasu ƙasashe da dama suka samo asali. Ita kuwa bayud, wadda ke bin ƙasa da ƴaƴan gindi, ta kashe dabino fiye da miliyan 10 a Maroko.

Ciyayin da suka fi kowa iya dabarar

Abin da ke sa rake da aya saurin yaɗuwa shi ne ke sa wasu ciyayi wuyar kashewa. Aya-aya, ƴar uwar aya ta daji, ita aka sa a lamba ta ɗaya a wani sanannen jerin miyagun ciyayin duniya da aka buga a 1977. Ƙiri-ƙiri da tofa suna tafiya da jijiya a ƙarƙashin ƙasa, kuma garma tana daddatsa jijiyar ne kawai, kowane gutsure ya zama sabon tushe. Kacala ta mamaye tafkuna da fadamu a kudancin Nijar, haka ma dausayin Haɗeja da Nguru, inda ta toshe hanyoyin ruwa ta zama mafakar jan baki. Ƙona ta ba ya taɓa jijiyar. Sare ta a ƙarƙashin ruwa, yadda kututturen zai nutse ya rasa iska, shi ya fi tasiri, sai dai aiki ne na gayya da maimaitawa.

Orkide, furen da ya buɗe hanya

Akwai wani dangin furanni da ba a cika sanin su a kasuwannin Damagaram ba, amma suna da hannu a yadda ake samar da tsabtataccen irin rogo da dabino a yau. Su ne orkide, masu nau'i wajen dubu 28. Wasu suna maƙale a jikin itatuwa, wasu a ƙasa suke tsirowa. Na ƙasa akwai su a dazuzzukan ciyawa na Afirka ta Yamma, musamman dangin Eulophia, masu ɓoye curi a ƙasa duk rani su fito da fure da ruwan farko.

Ƙwayar orkide kamar ƙura take. Charles Darwin ya ƙirga kimanin 6,200 a kwanso guda na wani nau'in Ingila. Amma ƙwayar ba ta da guzurin abinci, don haka kaɗan ƙwarai ke tsira. A 1899 Bafaranshe Noël Bernard ya gano cewa sai wata funfuna ta cikin ƙasa ta shige ta ta ciyar da ita take tsirowa. A 1922 Lewis Knudson na jami'ar Konel a Amurka ya nuna ana iya tsirar da ita a kwalba da sukari da gishirin ma'adinai, ba tare da funfunar ba.

Ta wajen jiki kuwa, wasu orkide na ƙasa suna da sauƙi kamar albasa. Bletilla striata ta Sin da Japan da Spathoglottis plicata ta kudu maso gabashin Asiya suna ƙara sabbin curi kowace shekara. Idan tukunya ta cika, a raba tushen kashi-kashi, kowane kashi da curi 3 ko fiye. Phaius tankervilleae ko karan furenta aka yanka aka kwantar a danshi yana fitar da ƴaƴa. Oeceoclades maculata, ƴar asalin Afirka, da kanta ta bazu a Barazil da tsibiran Karibiyan, aka kuma gan ta a Fulorida a 1974. Wasu kuwa curi ɗaya tak suke yi a shekara ya maye gurbin tsohon, don haka tono ɗaya ya gama da su. Irin waɗannan ake haƙa a Turkiyya don garin salef, a Zambiya da Tanzaniya don wani abinci mai suna cikanda, har suna neman ƙarewa a wasu wurare. Yarjejeniyar CITES ta 1973 ta sa cinikin orkide tsakanin ƙasashe a ƙarƙashin izini. Banila ma, mai ƙamshin kek da alewa, orkide ce mai yaɗo da ake dasawa da yanka. Edmond Albius, yaro bawa ɗan shekara 12 a tsibirin Reyuniyon, shi ya gano hanyar haɗa furenta da hannu a 1841.

Babban sauyi ya zo daga Faransa. A 1952 Georges Morel da Claude Martin suka nuna cewa ɗan mitsitsin kan tsiro, wanda bai kai milimita guda ba, sau da yawa birus bai kai gare shi ba. In aka cire shi aka rene shi a kwalba, sai a samu lafiyayyen tsiro daga uwa mai cuta. A 1960 Morel ya gwada haka da orkide, ya ga naman yana yin ƴan curi da za a iya yankawa a sake renon su ba iyaka. Masu sayar da fure ne suka fara cin moriyar wannan, daga baya aka kai dabarar ga dankalin turawa, ayaba, rake, rogo da dabino. Tsiron kwalba ba sabon halitta ba ne, yanka ne ƙarami da aka rena a wuri mai tsabta. Yana fitowa ba cuta, amma a gona yana iya kamuwa kamar kowa, don haka ake sabunta iri lokaci zuwa lokaci.

Haɗarin gona mai uwa ɗaya

Gonar da duk tsironta kwafin juna ne, cutar da ta iya ɗaya ta iya duka. Ailan ta dogara da dankalin turawa iri ɗaya. Cutar da ta shigo a 1845 ta jawo yunwar da ta kashe mutum kimanin miliyan 1. A shekarun 1950 wata cutar ƙasa ta rusa gonakin ayabar Gros Michel a tsakiyar Amurka, dole kamfanoni suka sauya iri. Manomin da ke riƙe da rogo iri 2 ko 3, ko da ɗaya bai kai sauran auki ba, ya rage wa kansa irin wannan faɗuwa.

Ga mai shirin sayen iri, malaman gona suna nanata abubuwa kaɗan. A je a ga uwar a tsaye da ganyenta kafin a biya, domin sandar da aka zage wa ganye ba ta nuna cuta. A ɗebi iri daga tsiron da ya fi lafiya, ba daga ragowar da kasuwa ta ƙi ba. Sabon iri daga nesa a fara dasa shi a gefe guda, a lura da shi damana ɗaya kafin a cika garka da shi ko a raba wa dangi. Tsiron da ya nuna cuta a makonnin farko a tuge shi. A daidaita ranar yanka da ranar dashe, kada iri ya kwana a rana. Ɗan dabino kuma a saye shi a gindin uwar da aka ɗanɗana ƴaƴanta. Mai neman ƙarin bayani yana iya tuntuɓar ma'aikatar gona ta gundumarsa, ko zauren manoma na jihar Damagaram da ke cikin ƙungiyar RECA, ko cibiyar binciken noma ta ƙasa INRAN, wadda ke aiki tun 1975.